Sharhi: Gumin Rana da Gumin Dare



Idan bazara ta kama a ƙasar Bukkuyum ta jihar Zamfara, daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan fari, duk wanda ya ce maka gumi na damunsa dariya za ka yi masa, ka ce to wa ya tsira? Ma'aunin zafi yana haura 40 da rana tsaka. Mai faskare sharkaf, mai tallar nono sharkaf, liman ma yana huɗuba yana share goshi da bakin rawani. Shi ya sa a wajenmu gumi ba ya cikin abubuwan da ake kai wa likita. Zafin gari ne, a sha ruwa, a nemi inuwa, shi ke nan.

To amma akwai gumin da ba ruwansa da zafin gari, kuma iri biyu ne. Abin da ya sa na ɗauko zancen yau shi ne, na lura mun juya su baibai. Wanda ke ba mu kunya a gaban mutane, alhali ba ya kisa, shi muke kashe wa kuɗi a wajen masu turare da masu maganin gargajiya. Wanda kuwa yake zuwa da dare yana shaida mana cewa akwai cuta a jiki, sai mu ce ɗaki ne ba iska.

Kowa ya san yadda randa ke sanyaya ruwa. Ruwan yana tsattsafowa ta jikin ƙasar, iska ta busar da shi, ya tafi da zafin. Haka Allah Ya yi fatar ɗan Adam. Akwai ƙananan matsatsun gumi a jikinmu, tsakanin miliyan 2 zuwa miliyan 4, kuma sun fi yawa a tafin hannu da tafin ƙafa da goshi. Idan jiki ya ɗau zafi, ƙwaƙwalwa ce ke aika saƙo ta jijiyoyi, su kuma su saki ruwa. Mai aikin ƙarfi a cikin rana, kamar mai huɗa ko wanda ke cikin ramin haƙo, yana iya zubar da lita guda a awa ɗaya, har fiye. Ba ruwa kaɗai ke fita ba, har da gishiri, shi ne farin zanen da kake gani a bayan riga idan ta bushe. Wannan gumin lafiya ne, ba a neman maganin tsayar da shi. Abin da yake bukata a mayar wa jiki abin da ya fita. Idan ƙafa ta fara ɗaurewa, ko jiri ya fara ɗiba, a samu ruwa mai tsabta lita guda, a zuba sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa kurɓa. Abin tsoro a nan shi ne mutum yana cikin rana sai ka ga ya rikice, yana sambatu, jikinsa ya yi rau kamar wuta, wani lokaci fatar ma ta bushe ƙayau. Wannan ba na jira ba ne. A kai shi inuwa, a kwara masa ruwa, a yi ta fifita, a nufi asibiti. A farkon watan Afrilun 2024, cikin azumi, zafi ya kai 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Toure da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗu. Sararin da ke kansu shi ne a kanmu.

Yanzu ga iri na farko, gumin da ke zuwa ba zafi ba aiki. Za ka ga yaro ko matashi lafiyarsa ƙalau, yana ci yana sha, ba ya rama, amma tafin hannunsa kullum a jiƙe, ko da cikin hunturu ne ana jin wuta. Wani tafin ƙafa ne, takalmi yana santsi. Wani hammata, wani fuska da tsakiyar kai. Likitoci suna gane shi da wasu alamomi. Yakan fara tun ana yara ko lokacin balaga, galibi kafin shekara 25. Yana kama ɓangare biyu daidai, wato idan hannun dama na yi, na hagu ma na yi. Sau da yawa idan aka bincika za a tarar wani a dangi yana da shi. Babbar alamar kuwa, da mutum ya yi barci sai ya tsaya cak. Matsatsun gumin nasa ba su fi na kowa yawa ba, jijiyoyin da ke ba su umarni ne suka cika zumuɗi, abu kaɗan sai su kunna. Wani bincike da aka yi a Amurka aka wallafa a 2016 ya gano kusan mutum 5 cikin 100 na can suna da matsalar yawan gumi, kuma da yawansu ba su taɓa faɗa wa likita ba.

Kada wani ya ce ƙaramin abu ne don ba ya kwantar da mutum. A ƙasar da ake musabaha daga fitowa masallacin asuba har a rufe ƙofa, mai jiƙaƙƙen hannu yana cikin wahalar da ba ya iya faɗa. Sai ya goge hannu a jikin riga kafin ya miƙa wa babba, ko ya yi kamar bai ga hannun ba, a ce yaron ba ya da tarbiyya. Almajiri ya rubuta allonsa, gefen hannu ya bi ya dame tawadar. Ɗalibi a ɗakin jarrabawa takarda na laushi a ƙarƙashin hannunsa. Tela yana tsoron farar shadda, mai ɗinkin hula zarensa na yin dauɗa, ɗan kabu-kabu hannu na zamewa a kan totur. Ga kuma sabuwar fitina ta zamani, na'urar ɗaukar zanen yatsa, a banki, a wajen rajistar katin ɗan ƙasa, a ƙofar jarrabawar JAMB, inda jiƙaƙƙen yatsa kan ƙi hawa mutum ya koma gefe yana ta goga. Budurwa kuwa, ita ta san abin da take ji idan hammatar rigarta ta yi taswira a gidan biki. Kuma abin yana ciyar da kansa: fargabar kada gumin ya zo ita ke ƙara kawo shi.

Irin wannan ba jifa ba ne, ba sammu ba, ba kuma yawan jini ba. Haka nan jiƙar hannu ita kaɗai ba alamar ciwon zuciya ba ce, kamar yadda wasu ke tsorata 'ya'yansu. Magani ma akwai, sai dai a bi shi daki-daki.

A fara da bambance turare da maganin gumi, don mutane na haɗa su. Turare da yawancin abin shafawa a hammata wari suke rufewa, ba sa rage ɗigo ɗaya. Shi gumi a kan kansa ba ya da wari, ƙwayoyin halittar da ke zaune a fata ne ke cin na hammata da na matsematsi su fitar da tsami. Saboda haka wanka da sabulu da aske gashin hammata, wanda dama sunna ce, sun fi kowace kwalbar turare aiki. Abin da ke tsayar da gumin kansa shi ne mai sinadarin aluminiyam, wanda ke toshe bakin matsatsun na ɗan lokaci. Mai ƙarfin cikinsu shi ne aluminiyam kulorayid mai kashi 20 cikin 100, ana samunsa a manyan shagunan magani da sunaye irin su Driclor. Inda mutane ke kuskure shi ne lokacin shafawa. Da dare ake shafa shi, za a kwanta, a kan busasshiyar fata, a wanke da safe, domin a lokacin ne matsatsun suke hutawa har maganin ya samu shiga. Wanda ya shafa da rana a kan jiƙaƙƙiyar fata, ko bayan aski, zafi da ƙaiƙayi kawai zai samu. Ana yi kullum na mako ɗaya ko biyu, idan abin ya lafa a koma sau ɗaya ko biyu a mako. Alimun ɗin nan da mata ke jefawa a ruwan gulbi don ya kwanta, shi ma ɗan gidan aluminiyam ne, kuma yana ɗan taimaka wa mai ƙaramar matsala, musamman wajen wari. Sai dai ƙarfinsa bai kai na shago ba, kuma ba a sa shi a fatar da ta tsage.

Sauran dabarun na yau da kullum ne. Yadin auduga ya fi yadin roba. Takalmin roba rufaffe shi ne abokin gabar mai gumin ƙafa, shi ke kawo wari da cin ruwa tsakanin yatsu, don haka bayan alwala a tsane tsakanin yatsun kafin a sa takalmi. Yaji mai yawa da shayi mai kauri da goro suna tayar wa wasu da gumin, kowa ya lura da nasa.

Idan duk wannan bai yi ba, sai a hau mataki na gaba, kuma nan sai da likitan fata, irin waɗanda ake samu a manyan asibitoci kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. Akwai na'urar da ake tsoma hannu ko ƙafa a ruwa, a saki 'yar wutar lantarki marar ƙarfi ta bi ta ciki na kamar minti 20, sau da dama a mako. Na ce na'ura ta musamman, kada wani ya je ya gwada da batirin mota. Akwai allurar Botox, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don gumin hammata tun 2004, tana tsayar da shi na wasu watanni sannan a sake, ga tsada. Akwai ƙwayoyin sha da ke rage gumin jiki gaba ɗaya, amma ni a ganina mutumin ƙasarmu ya yi hattara da su ƙwarai. Suna busar da baki, suna sa gani ya yi dishi-dishi, fitsari ya yi wuyar fita, kuma wanda ya kashe gumin jikinsa duka ya shiga gona a watan Afrilu ya jefa kansa cikin haɗari. Na ƙarshe shi ne tiyatar yanke jijiyar da ke cikin ƙirji. Hannu yakan bushe, amma da yawa daga waɗanda aka yi wa sai gumin ya koma musu baya da ciki da cinya, wani ma ya fi na da, kuma jijiyar da aka yanke ba ta komawa.

To jama'a, mu zo ga iri na biyu, wanda shi ne ainihin abin da ya dame ni. Wannan yakan fara wa mutum da girmansa, bayan da can ba ya yi. Ba ya zaɓar hannu ko ƙafa, jiki duka yake jiƙawa. Kuma ba ya jin kunyar barci, cikin dare ma ya fi zuwa. Mutum ya farka riga ta jiƙe, matashin kai ya jiƙe, har sai ya canza kaya, alhali wanda ke kwance kusa da shi a bushe yake. Wannan ba cuta ba ce a kan kanta, ɗan aike ne, kuma shafa masa magani a fata daidai yake da toshe masa baki.

Mafi yawan abin da ke kawo shi a nan zazzaɓin cizon sauro ne. Kowa ya san tsarinsa: sanyi da karkarwa, sai zafi, sai gumi ya karyo, mutum ya ji sakayau. A nan ne muke cewa ciwo ya fita da gumi, a ajiye magani. Bai fita ba. Zafin ne ya sauka, ƙwayar cutar tana nan cikin jini tana shirin zagaye na gaba. Gumin da ke biyo bayan farasitamol, ko bayan surace da ganyen dogon yaro, shi ma haka ne. A yi gwajin jini, idan an samu a sha maganin na kwana 3 har ya ƙare.

Amma idan gumin dare ya ɗauki makonni, ga tari da ya wuce mako 2, ga rama, ga zazzaɓin da ke lallaɓowa da yamma, abinci ya fita a rai, to a fara tunanin tarin fuka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa Nijeriya a kan gaba a Afirka wajen wannan cuta, inda take ƙiyasta kusan mutum rabin miliyan na kamuwa duk shekara. Mu kuma a wannan yanki muna da wani ƙarin dalili na kanmu, wato dutsen zinari.

Ba wanda zai koya wa mutumin Bukkuyum ko Anka abin da ƙurar dutse ke iya yi. A 2010 yara suka yi ta suma da jijjiga suna mutuwa a 'Yargalma da Dareta, daga baya aka gano abin a Abare da Bagega da wasu ƙauyuka. Da farko an ɗauka zazzaɓi ne ko sanƙarau, saboda alamomin sun yi kama da abin da aka saba gani. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shigo, aka auna jini, aka gano gubar dalma ce daga dutsen da ake dakawa ana niƙawa a cikin gidaje. An rasa yara aƙalla 400. Dalma ba ita ke sa gumin dare ba, kada a haɗa. Amma ƙurar nan da ta ɗauko dalma tana ɗauke da wani abu kuma, wato garin dutsen kansa, mai laushin da ido ba ya gani, wanda ke shiga can cikin huhu ya zauna. A hankali huhun ya yi tabo ya ƙandare, kuma huhun da ya yi haka ya fi kowane saurin kamuwa da tarin fuka. An daɗe da sanin wannan a ma'adinan zinari na Afirka ta Kudu. Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a 2019, ta ɗage hanin a ƙarshen 2024, amma ƙurar da ta shiga ƙirji ba ta san da doka ba. Wanda ya yi shekaru a bakin injin niƙan dutse, ko da ya bar sana'ar ya koma noma, idan ya fara jiƙa shimfiɗa da dare yana tari, kada ya tsaya shan maganin sanyi ko na basir. Ya je babban asibitin Bukkuyum, ko na Anka, ko na Gummi, ya ce a gwada majinarsa. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin da gwamnati ta ware, kuma da na'urar GeneXpert aikin awanni ne, har ta nuna ko ƙwayar mai bijire wa magani ce.

Na san abin da ke hana mutane zuwa. Akwai wahalar da ke kan hanyoyinmu. Akwai kuma tsoron a ce wane yana da tibi, wato tarin fuka, a ware masa kwano, a fasa ba shi aure. To ware kwano ba ya kare kowa, domin ta iska cutar ke bi, a ɗakin da ba taga, kuma yaran da ke kwana a ɗakin su ne a sahun gaba. Abin da ke kare iyali shi ne mai ciwon ya fara magani, don cikin 'yan makonni da farawa yaɗuwar takan ragu ƙwarai. Idan ma'aikacin lafiya ya ce a haɗa da gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, kada a ɗauka zargi ne, ƙa'idar aikin ce ga kowa, domin cututtukan biyu suna yawan tafiya tare.

Akwai wasu dalilan da zan bi da sauri. Makiyaya sun san bakkale, ciwon da ke sa saniya ɓari da kumburin gwiwa. Yana kama mutum ta madarar da ba a tafasa ba, ko ta taɓa mahaifar dabbar da ta yi ɓari, ya zo da zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da ciwon gaɓoɓi da gumin dare, kuma maganinsa na asibiti yakan ɗauki mako 6. Akwai halittar nan ta gaban wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, idan aikinta ya yi yawa sai ka ga mutum yana ci yana rama, zuciya na bugawa, hannu na rawa, ba ya jure zafi ko kaɗan. Uwayenmu mata da suka kai shekara 45 zuwa 55, lokacin ɗaukewar al'ada, sukan ji zafi ya taso daga ƙirji zuwa fuska, gumi ya biyo baya. Wannan ba iska ba ce, sauyin jiki ne, kuma idan ya hana barci akwai taimako a asibiti. Matasan da ke shan tiramol su ma suna gumi, suna sha suna yi, ranar da ba su samu ba ya fi tsanani. Wani lokaci kuma, ko da yake bai cika faruwa ba, gumin dare da rama da kaluluwar da ta kumbura ba zafi a wuya ko hammata alamar ciwon daji ne. Jaririn da kansa ke jiƙewa duk lokacin da yake shan nono, yana haki, yana saki yana kamawa, ba ya ƙiba, shi ma a kai shi a duba zuciyarsa.

Sai guda uku da ba sa jiran wayewar gari. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura, idan gumi mai sanyi ya karyo masa, jiki na rawa, magana na sarƙewa, sukarin ne ya faɗi ƙasa. Idan yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari nan take, ko da azumi yake, addini ya yi masa rangwame. Na biyu, gumi mai sanyi tare da nauyi ko matsewa a ƙirji, musamman ga mai hawan jini, wannan zuciya ce. Na uku ya shafi manoma. Wanda ya dawo daga feshin wake ko auduga, ko yaron da ya taɓa fiya-fiya, sai gumi da yawu da hawaye suka ɓalle, ga amai, ƙwayar ido ta tsuke ta zama 'yar mitsitsiya, to guba ce ta shiga. A tuɓe masa kayan, a wanke jikin da sabulu, kada a ɗura masa manja ko madara, kada a sa shi amai. Maganin karya wannan guba allura ce, kuma asibiti take.

Ga wanda aka gwada aka samu tarin fuka a jikinsa, ga abin da zai tarar. Maganin na wata 6 ne, kullum, ba tsallake. Cikin makonnin farko gumin daren zai ɗauke, tari ya lafa, cin abinci ya dawo, kuma daidai nan ne mutane ke yaudaruwa su daina, cutar ta dawo da taurin da maganin farko ba ya iya mata. Wanda zai bar gari, ko don ci-rani ko don gudun hijira, ya tafi da katinsa, ya nuna a asibitin inda ya sauka, za su ɗora masa daga inda ya tsaya. Kuma ɗaya daga cikin ƙwayoyin, mai suna rifamfisin, tana rina fitsari ya koma ja-ja kamar ruwan goro, har hawaye da gumin ma sukan ɗauki launin su ɓata farar riga. Ba jini ba ne, launin maganin ne, a ci gaba da sha. Amma idan farin ido ne ya koma rawaya, ko amai ya ƙi tsayawa, a koma wa ma'aikacin lafiya a ranar.